Ganye Goma Sha Biyu

Da sassafe na isa Ƙofar Marusa
da safar roba da akwatin ƙanƙara.
Baba Nomau na tsugune bakin kwami.
Ya dubi fuskata, ya dubi safar:
"Barira, yau latas ɗin namu ne
ba a taɓawa sai an sa wa hannu riga?"
Ban amsa ba.
Na tsinki ganye goma sha biyu,
na ɗebi ruwan Ginzo a kwalba uku,
na manna wa kowace lamba,
don kada takarda ta san na ubana ne.

Ganyen nan ya biya kuɗin jarrabawata.
Shi ya sayi takalmin da na taka jami'a,
kwando-kwando, a bayan keke,
tun ina barci.

Faranti ya kwana a ɗumi.
Ran Laraba na ɗaga murfi:
ɗigo-ɗigo, kore mai ƙyalli,
kamar wuyan tattabara a hantsi.
Wallahi abin da kyau.
Ban taɓa ganin cuta ta yi ado haka ba.
Na ƙirga, na ɓata, na sake,
ina fatan lissafi ya ji kunyata.
Dokta Sa'ade ta leƙo ta kafaɗata, ta ce:
"Rubuta abin da kika gani.
Lamba ba ta da uba."

Kwana huɗu takardar na cikin jaka.
Na ci tuwonsa, na gaishe shi, na kwanta.
Ran Lahadi na same shi yana gyaran inji.

Ya saurara har na gama.
Ya tsinki ganye, ya ɗaga wa rana:
"Dubi nan. Ina dattin?
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."
Na ce, Baba, akwai kimar da ido bai kai ba.
Ruwan nan ya ratso bayan gidaje
kafin ya zo ya gaishe ka.
Ya ce shekara talatin, wa ya mutu?
Sai ya yi shiru.
Na san inda ya tafi:
bazarar da Ɗanlami ya kwana tara a asibiti
ana ƙara masa ruwa,
muka ce zafi ne.

Bai ce na yi gaskiya ba.
Washegari dai na tarar ya haƙa rami
inda ruwa zai kwana ya zubar da laka.
Ya daina yayyafa wa ganye, sai saiwa.
Kwana biyu kafin tsinka, ya kashe inji,
yana mita, ganye zai yi yaushi,
Lantana mai kwaɗo za ta rage kuɗi.
Ta kuwa rage.

Da yamma ya kira ni ɗaki,
ya sauko da gwangwanin madara mai tsatsa.
Iri ne, siriri, baƙi-baƙi.
"Latas ɗin kanti, da bazara ta shigo,
sai ya miƙe, ya yi fure, ya yi ɗaci.
Ni kowace shekara wanda ya fi haƙuri nake bari,
in karkaɗe irinsa.
Kai wa madubinku, ya faɗa mini dalili."
Na riƙe gwangwanin hannu biyu.
Abin da muke nema a allo wata shida,
ga shi a bayan tukunya,
bincike na shekara talatin
ba littafi, ba farar riga.

Yanzu irinsa na tsiro a layi na bakwai,
an rubuta masa suna da baƙin alƙalami.
Wannan karon ban ɓoye shi a lamba ba.

Jiya na sake ɗaga murfi.
Ɗigon sun ragu, ba su ƙare ba.
Ya tare ni tun daga bakin lambu,
laka har gwiwa, bai ko amsa sallama ba:
"Nawa?"
Na faɗa masa.
Ya ce, "Da saura ke nan."
Ya ɗauki shebur.